Ras Laffan: Garin Da Aka Haƙa Wa Tasha Kafin Jirage Su Iso

(Rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda ba su samu damar saurare ba)

   

Yau Katar za mu je. Na san da an ambaci Katar abin da ke zuwa ran yawancinmu shi ne gasar cin kofin duniya ta 2022, ko tashar Aljazeera, ko dogayen benayen Doha da muke gani a TikTok. To akasarin kuɗin da ya gina waɗannan abubuwa daga wani gari yake fitowa wanda ba kowa ya san sunansa ba. Sunansa Ras Laffan, yana bakin teku, kimanin kilomita 80 arewa da Doha. Ba garin yawon buɗe ido ba ne, sai da izini ma ake shigarsa. Garin masana'antun gas ne da tashar jiragen ruwa. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka tsara shi, me aka fara yi, me aka bari sai daga baya, da kuma dalilin da ya sa wannan labari ya shafe mu, mu da ake janyo wa bututun gas zuwa Kaduna da Kano.

Bari mu fara daga tushe. Kafin zuwan mai, mutanen Katar da nutso a teku suke ci, suna ciro lu'ulu'u. Da Japan ta gano yadda ake kiwon lu'ulu'u, kasuwarsu ta rushe a shekarun 1930, aka sha yunwa, wasu suka yi ƙaura. A 1949 suka fara fitar da ɗanyen mai. A 1971, shekarar da suka samu 'yancin kai daga Birtaniya, kamfanin Shell yana neman mai a cikin teku sai ya faɗa kan gas. Wannan shi ne filin da ake kira North Field, wato filin arewa, wanda Katar da Iran suke tarayya a kansa, kuma shi ne filin gas zalla mafi girma a duniya.

Za ku zaci an yi ta murna ko? A lokacin ba a ɗauke shi wani abin arziki ba. Mai ake nema. Shi mai ka zuba a jirgi ka kai ko'ina. Gas kuwa iska ce, sai da bututu, kuma masu kuɗin saye suna Japan da Turai, dubban kilomitoci daga nan. Hanya ɗaya ce ta rage, a sanyaya gas ɗin har digiri 162 ƙasa da sifili, ya koma ruwa, ya tsuke kusan sau 600, sannan a ɗura a jirgi na musamman. Wannan shi ne abin da kuke ji ana kira LNG. Aikin kuma yana cin biliyoyin daloli kafin ka sayar da ko cokali ɗaya.

Ku riƙe waɗannan shekaru. An gano gas a 1971. An kafa kamfanin Qatargas a 1984. Jirgin farko bai tashi ba sai ƙarshen 1996, ya isa Japan a Janairun 1997. Shekara 25 kenan tsakanin ganowa da kwastoman farko. Yaron da aka haifa ranar da aka gano gas ɗin ya isa aure kafin a ga kuɗinsa.

Me suka yi a tsakani? Abu na farko, sun nemi mai saye kafin su kafa masana'anta. A 1992 suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin lantarki na Chubu da ke Japan, zai riƙa sayen tan miliyan 4 a kowace shekara har tsawon shekara 25. Da wannan takarda a hannu ne bankuna suka yarda su ba da bashi, domin banki ba ya ba ka kuɗi don kana da arziki a ƙarƙashin ƙasa, sai ya ga wanda zai saya da yadda za ka biya. Kuma ba wai komai ya tafi sumul ba ne. A wannan shekarar ta 1992 kamfanin BP ya janye daga aikin, yana ganin ribar ba ta kai ba. Kamfanin Mobil na Amurka ya maye gurbinsa. Ministan makamashinsu na lokacin, Abdullah bin Hamad Al-Attiyah, ya riƙe kujerar daga 1992 har 2011. Kusan shekara 19 mutum ɗaya yana bin aiki ɗaya.

Abu na biyu shi ne zuciyar maganata ta yau. Da za su gina masana'antar farko, ba su nemi ɗan filin da zai ishe ta kawai ba. Sun je wani busasshen bakin teku mai fuskantar filin gas ɗin, inda babu cunkoson jama'a, suka shata makeken fili suka ce nan gari ne na masana'antu. Daga baya ma aka ƙara faɗinsa har ya kai kusan murabba'in kilomita 295. Aka ware inda masana'antu za su zauna, inda bututai za su bi, inda tankuna za su tsaya, inda za a ƙara wasu masana'antun da a lokacin ko a takarda babu su. Aka bar fili fetal, aka hana kowa taɓawa. Hausawa suka ce tun ranar gini ranar zane.

Sannan aka yi abubuwan da kowa zai yi tarayya a kai. Misali, masana'antun gas suna buƙatar ruwa mai ɗimbin yawa don sanyaya injina. Maimakon kowane kamfani ya haƙa tasa hanyar zuwa teku, sai aka yi babban tsari guda mai janyo ruwan teku yana raba wa kowa. Haka tashar jiragen ruwa, guda ce ta kowa. Haka tashoshin lantarki da na tace ruwan gishiri ya koma na sha. Mai zuba jari in ya zo, ba zai fara da sayen janareta da haƙa rijiyar burtsatse da gyaran titi ba. Zai tarar da gas, wuta, ruwa, hanya da tasha suna jiransa. Duk wanda ya taɓa buɗe ko da shagon aski a ƙasar nan ya san bambancin da wannan yake yi.

Shi ya sa masana'antu suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai Oryx, haɗin gwiwa da kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu, da Pearl, haɗin gwiwa da Shell, wanda ya fara aiki a 2011, dukkansu suna mayar da gas ya zama dizal da man inji da makamantansu. Akwai matatar Laffan. Akwai bututun Dolphin da ya fara kai gas Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2007. Akwai masana'antun iskar hiliyom, wadda ake amfani da ita a na'urar MRI ta asibiti, har Katar ta zama ta biyu a duniya bayan Amurka wajen samar da ita. Duk daga gas ɗin nan guda, duk a gari guda.

To yanzu mu zo kan tashar jiragen ruwa, domin a nan ne za ku ga lissafi ƙarara. A farkon shekarun 2000 Katar ta sa wa kanta buri, za ta kai tan miliyan 77 na LNG a shekara. Mu yi ɗan lissafin 'yan firamare. Jirgin gas na wancan zamani yana ɗaukar kamar tan dubu 60 zuwa 65. Raba miliyan 77 da wannan, za ka samu jirage kusan 1,200 a shekara. Fiye da jirage uku kenan kowace rana, ba Juma'a ba Lahadi, ba sallah ba azumi. Ban da jiragen da ke ɗaukar sauran kaya, irin su gas ɗin girki da farar wuta da man da ke fitowa tare da gas. Tashar da aka gina a shekarun 1990 ba za ta iya wannan ba. Kuma masana'antar LNG ba a kashe ta kamar fanka. In tankuna suka cika jirgi bai samu wurin tsayawa ba, dole a rage aiki, asarar kuma ta miliyoyin daloli ce.

Sai suka tunkari matsalar ta fuska uku a lokaci guda. Na ɗaya, faɗaɗa tashar. A tsakiyar shekarun 2000 aka ba kamfanonin Boskalis na Holan da Jan De Nul na Beljiyam kwangilar yashe teku, da cike wani ɓangarensa ya zama tudu, da gina dogayen katangun duwatsu masu tare igiyar ruwa, tsawon kilomitoci. Ba a yi katangar daidai da jiragen ranar ba. An zagaye ruwa mai faɗin da za a ci gaba da ƙara matsayar jirage a ciki shekaru masu zuwa ba tare da an rushe an sake ba. Yau ana lissafa ta cikin manyan tashoshin da ɗan Adam ya gina da hannunsa a duniya.

Na biyu, manyan jirage. Sun kafa kamfanin jiragensu, Nakilat, a 2004, suka ba Koriya ta Kudu aikin ƙera wasu sababbin jirage, Q-Flex da Q-Max. Shi Q-Max tsawonsa mita 345, ya fi filin ƙwallo uku a jere, kuma yana ɗaukar kusan ninki biyu na jirgin da aka saba. Harafin Q ɗin nan Katar yake nufi, Max kuma yana nufin mafi girman jirgin da zai iya tsayawa a Ras Laffan. Kun ga, da jirgin da tashar tare aka auna su. Na farkonsu, mai suna Mozah, an miƙa shi a 2008. A 2010 kuma suka buɗe wurin gyaran jirage a cikin tashar.

Na uku, sun bi kayansu har inda za a sauke. Sun zuba jari a tashoshin karɓar gas a ƙasashen masu saye, kamar South Hook a Birtaniya da wata a tekun Italiya, dukkansu suka fara aiki a 2009. A 2006 Katar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da LNG. A Disambar 2010 ta cika tan miliyan 77 ɗin da ta ce.

Ga wani abu da ya fi ba ni mamaki. A 2005, ana tsakiyar cin kasuwa, gwamnatinsu ta ce a dakata, ba za a amince da wani sabon aiki a filin gas ɗin ba, sai an yi nazarin yadda ɗiba da sauri yake shafar ƙarfin rijiyoyin. Ayyukan da aka riga aka amince da su suka ci gaba, amma sabo babu. Dakatarwar nan ta kai shekara 12, sai a Afrilun 2017 aka ɗage ta. A tsakanin nan Ostareliya ta taso, Amurka ma ta kama hanya, har ta zo ta wuce kowa a 2023. Suna kallo, ba su ruɗe ba. Ku faɗa min gaskiya, wane shugaba ne a wajenmu zai ga kuɗi a ƙasa ya ce a bari sai an yi bincike?

Da suka dawo kuma, a Fabrairun 2021 suka rattaba hannu kan faɗaɗawar kusan dala biliyan 29, wadda za ta kai su tan miliyan 110. Aka ƙara wani mataki zuwa 126, sannan a Fabrairun 2024 suka sanar da burin 142 kafin ƙarshen 2030. Ina za a kafa sababbin masana'antun? A Ras Laffan, a filin nan da aka bari. Shekara guda bayan sa hannun 2021, yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, Turai ta shiga neman gas ido rufe. A Nuwambar 2022 kamfanin Sinopec na Sin ya ƙulla cinikin shekara 27 da su, aka kuma ƙulla wani na shekara 15 don kai gas Jamus. Ba su san za a yi yaƙi ba. Amma da kasuwa ta buɗe, ta same su da shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu kada wani ya ce na zo tallan Katar. Akwai ɗaya gefen, kuma wajibi ne mu faɗe shi. Hannayen da suka gina ƙasar nan na baƙi ne, daga Indiya, Nepal, Bangaladash, Filifin da ƙasashen Afirka, har da 'yan uwanmu. Sun yi aiki a zafin da ya wuce digiri 40, ƙarƙashin tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci a hannun ubangidansa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna kokawa kan riƙe albashi da mutuwar ma'aikata. Sai a 2020 aka yi dokar da ta ba ma'aikaci damar canza wurin aiki ba tare da izinin ubangida ba, aka kuma sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000. Tsarin da ya tuna da jirgin da zai zo bayan shekara ashirin ya makara wajen tuna lebura. Wannan ba abin koyi ba ne.

Sannan tara komai a wuri guda yana da nasa haɗarin. Duk jirgin da ya tashi daga Ras Laffan zuwa ƙasashe masu nisa sai ya bi ta mashigin Hormuz, babu wata hanyar. In rikici ya rufe mashigin, ko wani abu ya samu garin, arzikin ƙasar gaba ɗaya ne ya tsaya. Kuma Katar masarauta ce, mutanenta kusan miliyan 3, 'yan ƙasa a cikinsu ba su wuce kashi ɗaya cikin goma da 'yan kai ba. Mu mun haura miliyan 200, muna zaɓe duk shekara huɗu. Don haka ba zancen kwafa ba ne, ba kuma ina cewa mu bar zaɓe ba. Tambayar ita ce, ta yaya ƙasar da ke canza shugabanni za ta riƙe tsarin da ya fi wa'adin shugaba tsawo?

Mu dawo gida. Najeriya tana da gas fiye da kowace ƙasa a Afirka. An kafa kamfanin NLNG a 1989, jirginsa na farko ya tashi daga tsibirin Bonny a Oktoban 1999, shekara uku kacal bayan na Katar. Tare muka tashi, kusan a ce. NLNG ya kai tan miliyan 22 a shekara, kuma a Disambar 2019 aka amince da layi na bakwai da zai kai shi 30. A yaba inda ya dace, yana cikin abubuwan da suka yi aiki a ƙasar nan. Amma ayyukan Brass da Olokola da aka yi ta shela a shekarun 2000 ba su tashi ba. Dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin shekarar daina ƙona gas a banza, har yau wuta tana ci a yankin Neja Delta, mutanen wurin suna shaƙar hayaƙi. Takardun tsari kuwa ba mu rasa ba. Mun ga Vision 2010, mun ga Vision 2020, mun ga babban tsarin gas na 2008. Rubutawa ba ta taɓa gagarar mu ba.

A Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun AKK, daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da Kaduna ya ƙare a Kano, kilomita 614. An sha ɗage ranar kammala shi. Kullum tambayar da muke yi ita ce yaushe zai iso. Ni tawa tambayar daban ce: in ya iso, me zai tarar? Wane fili aka ware wa masana'antun da za su sha gas ɗin, kuma an kare shi da doka ko an yanka an raba fuloti? Su waye masu sayen da suka sa hannu? Ƙananan bututan da za su kai shi Sharaɗa, Bompai, Challawa da Kakuri, wa zai yi su, da kuɗin wa? Mu ba mu da teku, tasharmu ita ce layin dogo da tashoshin tudu, irin ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala da aka buɗe a 2023. An auna su da kayan da muke fatan fitarwa nan da shekara ashirin, ko kowa nasa yake yi? Su waye za su yi walda, su kula da injina, su auna matsin gas? Kwalejojin fasaharmu suna horar da su yanzu, ko sai ranar ta zo a ɗauko daga waje mu kuma mu tsaya a bakin get da takardunmu?

Wannan ba maganar manya ba ce kawai. Wanda yake da shekara 25 yau, nan da shekara 25 yana da 50. Shi zai zauna a cikin abin da aka tsara ko aka kasa tsarawa. Yawancin masu sa hannu a yau ba za su ga ƙarshen abin ba, mu ne za mu gani.

Don haka ga abin da nake roƙo. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, gwamna ne ko ɗan majalisa, ku tambaye shi ina taswirar yankin masana'antu, kuma wane aikin wanda ya gabace shi ne zai ƙarasa. In majalisar jiha ta kira jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, mu je, mu zauna, mu yi tambaya da ladabi amma da hujja. Ɗaliban injiniya, da na tsara birane, da na tattalin arziki, ku ɗauki waɗannan tambayoyi ku yi aikin kammala karatunku a kansu, ku kawo mu karanta a nan. Mai neman sana'a kuma ya duba waldar bututu da gyaran injinan gas, ya fara tun yanzu.

A nan zan dakata. Ku faɗa min a ƙasa, a garinku akwai filin da aka taɓa ware wa masana'antu ko makaranta ko asibiti, yau me ke kansa? Ku rubuta abin da kuka gani da idonku, ban da zagi, ban da ƙage. Wanda ya amfana ya tura wa wani. Allah Ya ba mu shugabanni masu hangen nesa, mu kuma Ya ba mu juriyar bibiyarsu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.